Motar Asibitin Garinmu

Ranar da aka ce mini mijina Harlan ya faɗi a rumbun masara a garinmu Elk Fork, ina zaune a ɗakin jira na asibitin gunduma, sai na ji wata mata da wani dattijo suna gardama a bayana.

"Yanzu aka shigo da wani daga Elk Fork a bayan a-kori-kura, kamar buhun masara! Baba, ina motar asibitinsu?"

"Majalisar gari ta sayar. Tun da kamfanin madara ya rufe mutane suka watse."

"Amma sun iya kafa sabon allon 'Barka da zuwa' a bakin gari! Marasa kunya!"

"Ke baiwar Allah, iya bakinki. Mu biyar ne a majalisar, ni hannu kawai na ɗaga."

"Au, ashe har da kai!"

"Ai ban ji daɗi ba. Mai tuƙa ta kyauta, Harlan, har gida ya biyo ni yana roƙon kada a sayar. Gobe ma zan je in ba shi haƙuri."

Harlan bai kai goben ba. Makullin motar asibitin na biyu yana nan rataye a bakin ƙofarmu. Kullum da safe sai na goge masa ƙura.