Ina Zan Je Goyon Ciki?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugabar wannan taro, Hajiya Hamida. Malamanmu likitoci da manyan ungozomomi. Wakilan hukumar lafiya. Iyayenmu mata da kuka tsufa kuna karɓar haihuwa. 'Yan uwana ɗalibai. Jama'a maza da mata, ina gaishe ku da gaisuwar girmamawa.

Sunana Mansura, ɗalibar aikin ungozoma, daga wani ƙauye da ke gaba da Yankara a ƙaramar hukumar Faskari. Ina godiya ga Allah da ya kawo ni wannan zaure na Katsina, ina godiya ga waɗanda suka ce ɗaliba ma ta tashi ta yi magana.

Na farko, mun ƙaru. An yi mana bayanin jijjiga, an yi mana bayanin zubar jini bayan haihuwa, an kuma ja mana kunne kan kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, saboda yadda suke wahalar da zuciyar mai jego. Wannan kam na san sai mun kai ruwa rana da mahaifiyata, domin a wurin Inna, jegon da ba kanwa wasan yara ne.

Na biyu, ku gafarce ni, zan ajiye kunya in faɗi abin da hijabina ya kasa ɓoyewa. Ina ɗauke da cikin fari. Jiya da aka kawo na'urar sauraren bugun zuciyar ɗan tayi, aka rasa wadda za a gwada da ita, ƙawayena suka turo ni gaba. Da na ji bugun nan, ban san sanda na kira Inna na kara mata wayar a jikin na'urar ba. Ta saurara, can ta ce, "Ɗiyata, mi kike jira? Na tara itacen wanka, na sa an yaɓe maki ɗaki. Yaushe za ki taho gida?"

Jama'a, ban ba ta amsa ba. A wurinmu, mai cikin fari gaban uwarta take komawa ta haihu. Haka Inna ta yi, haka kakata ta yi. Ina kewar tsakar gidanmu, ina kewar hayaƙin murhunta da asuba, ina kewar faɗanta ma. Ina so hannun da ya yi mini wankan farko ya yi wa ɗana. Amma ƙaramin asibitin garinmu a kulle yake tun da rashin tsaro ya kori ma'aikata, awaki ne ke kwana a barandarsa. Maigidana Mas'ud ya ce ba zai kai ni inda idan jini ya ɓalle sai dai a ɗora ni a babur ba. Ban ga laifinsa ba. Ni da na karanta, na fi shi sanin abin da yake tsoro.

Na uku shi ne roƙona. Ni ina da zaɓin zama a birni, ko da zuciyata tana can. Matan Ketare, da na Sheme, da na ƙauyukan Sabuwa, da yawansu ba su da wannan zaɓi. Ku buɗe mana asibitin nan na garinmu, ku tsare mana hanyarsa, ku turo mana ungozoma ko da guda ce. Na yi alkawari a gabanku, ranar da na kammala karatu, can zan koma in zauna. Sai dai cikin nan ba zai jira takardar shaidata ba, kuma ungozoma ba ta karɓar haihuwar kanta.

Allah ya saka muku da alheri, Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da suka haifa, ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu. Yau da yamma Inna za ta sake kira. Ku taimake ni da abin da zan faɗa mata.

Na gode.