Na Ce Ban Taɓa Haihuwa Ba

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu, sannu da aiki. Ni mace ce daga wata ruga kusa da Guri, ƙasar Haɗeja. Ƙanena ne ke rubuta mini.

Bara waccan da damina, wata likita Baturiya ta zo mana a kwalekwale da tafintanta, wai tana binciken abin da ke hana matan bakin kogi haihuwa. Aka tara mu, ana tambayar kowa 'ya'yanta nawa.

Ɗana ɗaya ne, na fari. Ka san mu Fulani da kunyar ɗan fari, ga surukata zaune a gefena. Na sunkuyar da kai na ce, "Ban taɓa haihuwa ba." Yaron yana riƙe da zanena, ya ɗago ya dube ni. Likitar ta dafa ni cikin tausayi, ta ɗebi jinina, ta sa ni cikin marasa haihuwa.

Kafin ruwa ya janye, zazzaɓi ya ɗauke yaron. Tun daga nan ko ɓatan wata ban yi ba. In na je ɗiban ruwa sai in ji ana jan zanena, in waiwaya babu kowa.

Malamai su gaya mini, bakina ne, ko kwanansa ne ya ƙare? In likitar tana saurare, ta gyara, na haihu. Sunansa Buba. Ban taɓa kiran sunan ba yana raye. Don Allah, Malam, kai ka faɗe shi da ƙarfi.