Na Kwance Igiyar Shanya Saboda 'Yan Ƙwallo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Daura nake rubutowa.

'Yata Bilkisu tana buga ƙwallon 'yan biyar-biyar. Ita da ƙawayenta kunyar ɗumama jiki suke a gaban maza, sai su faɗa wasa haka nan. Ran nan ta zabura da gudu, cinyarta ta riƙe, aka kawo min ita tana kuka.

Da ta warke na ce, "Ku dawo tsakar gidana." Na janye turmi, na kwance igiyar shanya. Nan suke sassarfa har su yi gumi kafin su tafi fili. Dabino da ruwa nake ba su, tuwo sai an dawo. Yanzu ba mai kamo Bilkisu.

Masana, me zan ƙara musu? Ɗaya na haifa, amma dukansu Umma suke ce min.