Haƙorin da Ba Ya Famfara

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wannan taro, mai martaba sarkinmu, Malam Liman da malamanmu, mushen lakwal mai koya ma yaranmu boko, likitan da anka aiko muna daga Ƙonni, iyayenmu mata da ke can gindin itacen bedi, jama'ar Dogarawa manya da ƙanana, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Ina godiya da kunka ba ni, Sarkin Aska, magana ranar buɗe ɗakin magani, alhali wasu na cewa ɗakin nan abincinmu ya zo ci. To, ya ci lafiya. Ni magana guda gare ni, kan bakin yaranmu.

Da fari, duk mun san famfara. Haƙorin gaba ya yi girgiɗi, ya fita, yaro ya jefa shi bisa ɗaki, ya dinga rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin. Mu yi dariya, don mun san wani na tafe. Da wannan sanin munka girma, shi ne kuma ke ruɗinmu.

Na biyu, akwai wani haƙori da ke tsirowa can ƙurya, bayan duka sauran, lokacin da yaro ya kai shiga lakwal. Babu haƙorin da ya faɗi kafin ya fito, don haka babu mai lura da zuwansa. Dasashi ya kumbura, yaro ya ƙi tuwo, ya riƙe kunci shina kuka. Sai uwa ta ce na yarinta ne, a cire, wani ya fito. Jama'a, wannan turmi ne na girma. Ba ya famfara, ba ya da magaji. In anka cire shi, an cire ke nan.

Jiya ƙanena Alkasum, ga shi can zaune, ya kawo mini ɗiyarsa Tsahara. Ya ce, "Sarki, fid da shi mu huta, kwana da kwanaki ba ta ci ba." Na buɗe bakin, na duba. Babu tsutsa, babu rami, fari fat, kansa kawai ya leƙo. Na ce, "Alkasum, ban cire wannan." Ya ce, "To jibi kasuwar Ƙonni, masu cire haƙori na can ba su gardama."

Ban ga laifinsa ba. Kukan ɗiya ya fi ƙarfin uba, ni ma na haifa, kuma wallahi tausayinta ya kama ni. Amma ciwon fitowa daban, ciwon ruɓa daban. Na fitowa haƙuri shika so, da ruwan ɗumi da gishiri a kurkure, da kanumfari, da kunu mai laushi. In zazzaɓi ya shigo ko ƙurji ya yi ruwa, ga likita nan ya zo, a kai mishi.

Alkasum, gaban jama'a nika roƙonka. Masu awartaki na nan kasuwa, ban iya tare maka hanya. Sai dai ka tuna, kukan nan na ƴan kwanaki ne, haƙorin kuwa da shi Tsahara za ta tauna goro ranar sunan jikokinta. Ita ba ta san haka ba, kai yanzu ka sani. Ka bar mata abinta.

Allah ya raya muna zuri'a, ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba iyaye haƙurin jiran abin da ba ya son gaggawa. Allah ya sa albarka ga wannan ɗaki da masu aiki cikinsa, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode da kunka saurari tsoho.