Farantin Injin Mahaifin Lonnie

A wajen baje kolin tsofaffin injuna a jihar Ohio ta Amurka, Lonnie ya tsaya gaban rumfar wani tsoho. Ya ɗauki wani farantin tagulla mai lamba, irin wanda ake kafawa a jikin injin haƙa mai igiya.

"Baba, ina ka samo wannan?"

"Can jihar Kentucky. Saye ka zo ko tuhuma?"

"Ka ga lotsewar nan? Ni na yi ta da guduma ina yaro, har na sha duka. Na injin marigayi mahaifina ne, nan bayan gari yake. Da na je dubawa, ramukan ƙusa kawai na tarar."

"Samari, kowane tsohon ƙarfe ai da lotsewarsa."

"In babu lambar nan, ba zan samu kayan gyaransa ba."

Tsohon ya tuntsure da dariya.

"Gyara? Ka ji mai riƙon gado! Injin da bishiya ta tsiro ta fasa ɗakin direbansa, har ta fi ni tsawo?"

Maganar ta soki Lonnie, amma ya zura farantin a aljihu.

"A Kentucky ka ga bishiyar, baba?"