Rafin Bayan Kamfani

A ɗakin jiran likita, wata manomiya na rungume da ɗanta da ya kwana biyu ba lafiya. Kusa da ita wani dattijo ne, direba, sanye da rigar kamfanin haƙar ma'adinai.

"Ku ne kuka ɓata mana rafi," ta ce. "Baƙi su kwashe arzikin ƙasa su kai gida, mu a bar mu da dagwalo."

"Sassauta murya, baiwar Allah. Da ba su zo ba, da me zan ciyar da iyalina?"

"Wato kai ka ci, mu mu mutu?"

"Babu mai mutuwa. An auna ruwan, sun ce lafiya lau."

"To, su suna sha?"

"Su? Ko wanka ba sa yi da shi. Ranar da sakamakon ya fito ma, manaja ya sa na kai iyalinsa filin jirgi."

Sai ya waiga wajen ƙofa. Ita kuwa ta ƙara ƙanƙame yaron.

"Baba, kai me ya kawo ka asibiti?"

"Jikata ce a ciki," ya ce. "Mu ma can muke ɗiba."