Na ciji gwaggona a kan ɗan farina

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hadiza daga Korgom.

Shekarar da damina ta ƙi, zamanin mulkin soja, na haifi ɗan farina bakwaini a asibitin Tasawa. Unguwarzoma ta ɗora mini shi tsirara a ƙirji, ta ɗaure mu da zane, ta ce ɗumin jikina ne maganinsa. Ranar na daina kuka, nonona ya kawo.

Muna isa gida, Gwaggo Rabi ta ce, "Ke marar kunya! Ɗan fari ake rungumewa gaban mutane?" Ta kwaɗa mini mari har leɓena ya fashe, ta fizgi zanen, yaron ya sulluɓo. Wallahi ban san sanda na kafa mata haƙori a hannu ba, sai jini na ji a bakina.

Yau yaron shi ke kora mana awaki, amma Gwaggo ba ta amsa gaisuwata. Dangi sun ce in ba ta haƙuri. Ku ba ni shawara: yaya zan ce na tuba, alhali ko gobe ta taɓa zanen nan sai na sake cizo?